Ɗana, Ga Dodo Ya Dawo a Cikin Kwali

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, matso kusa ka ba ni aron hankalinka, domin maganar da zan yi maka ba faɗa ba ce, kuma ba ta gaggawa ba ce. Kwanakin nan ina jin ku, kai da abokanka masu karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, kuna zancen wani wasan Turawa da kuke kallo a waya, wanda mutum ɗaya tak ke yi, ba abokin karawa, ba ƴan kallo, daga shi sai wani dodo da ke farautarsa a kan allon kwali. Wasu daga cikin sa'o'ina da suka ji sai suka taɓe baki, suka ce shiririta ce kawai. Ni ban yi saurin faɗin haka ba, saboda na tashi a gidan da ake kiran sunan Dodo kusan kowane dare bayan an ci tuwo, kuma iyayenmu mata da suke kiransa ba mutanen banza ba ne.

Wasan nan sunansa Final Girl, wani kamfanin Amurka mai suna Van Ryder Games ne ya fito da shi a 2021. Akwai ƙaramin kwali na asali wanda shi kaɗai ba ya wasuwa, sai ka ƙara kuɗi ka sayi kwalin ƙari, kowanne da nasa dodon da nasa wurin: wani makashi ne a sansanin shaƙatawa cikin daji, wani fatalwa ce a tsohon gida, wani kuma wata halitta ce a cikin jirgin sararin samaniya. Ka ga wayon ɗan kasuwa ke nan, ya sayar maka da rijiya, guga kuma kuɗinsa daban. Mai wasa yana riƙe da yarinya guda, ga sauran bayin Allah warwatse a kan allon ba su san hawa ba ba su san sauka ba, lokaci kuma ƙididdigagge ne, da shi ake sayen katin gudu, da na neman makami, da na kai hari. Duk mutumin da dodon ya kashe ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, duk wanda yarinyar ta fitar waje lafiya kuma akwai ladan da take samu.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne. A gefen allon akwai ma'aunin tsoro, kuma shi ne ke yanke yawan ƙwayoyin da za ka jefa, irin ƙwayar lido ɗin nan. In tsoro ya sauka sai a ƙara maka, in ya hau sai a rage, har ka wayi gari da ƙwaya ɗaya tak a hannunka alhali dodo yana bakin ƙofa. Wanda ya tsara wannan, ko wane ne shi, ya san ɗan Adam, domin haka tsoro yake yi wa mutum a zahiri: ba ya ɗauke maka ƙafa ko hannu, dabara yake ɗaukewa, sai ka ga mai hanyoyi uku ya koma ganin ɗaya, ita ɗin ma ba lalle ta zama mai ɓullewa ba.

Mu an koya mana wannan tun ba mu san sunansa ba. Bayan kaka, an gama shigar da gero da dawa rumbu, sanyi ya fara saukowa, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kakarmu ta miƙe ƙafafu tana murza goro a magogi domin haƙora sun tafi, fitilar aci-balbal tana gefe hayaƙinta na tashi. Ba a tatsuniya da rana, kowa ya san wannan. In ta zo wurin Dodo sai ta kumbura murya ta ja ta ƙasa, har ƙaramin cikinmu ya cusa kai cikin zanenta, mu manya kuma mu yi ta maza alhali kowa ya ɗage ƙafarsa daga bakin tabarma. Ba wanda ke yarda ya je bayan gida shi kaɗai a wannan dare.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta Auta, kuma yadda aka ba mu ita a nan ƙasar Katsina ke nan, wataƙila a Kano ko Maraɗi da ɗan bambanci. Auta da yayarsa sun sauka a wani gari inda kowa ke kulle ƙofa tun da magariba, saboda Dodo yana zuwa cikin dare yana ruri yana neman wanda ya isa ya amsa masa. Shekara da shekaru ba mai amsawa. Me Auta ya yi? Bai ɗauki takobi ba, domin bai da shi, bai kuma hau doki ba. Tun da sauran rana ya tara itace ya tara duwatsu, ya hura wuta ya zuba su ciki har suka yi jawur, sa'an nan ya zauna yana jira. Da Dodo ya zo ya yi kira, yaron ya amsa, Dodo ya wangame baki, shi kuma ya riƙa jefa masa duwatsun ɗaya bayan ɗaya har ya faɗi. Ya bar takalmansa a wurin ya koma ya kwanta. Kada ka ce na ce ka ɗauki Auta abin koyi a komai, domin yaron nan kafin ya iso garin ya ƙone rumbun gidansu, ya yi ɓarnar da ta sa suka gudu daga wani garin, ɗan nema ne na gaske. Amma a wannan dare ɗaya ya yi abin da manyan gari suka kasa, kuma aikin duk an gama shi tun kafin rana ta faɗi.

Haka labarin Bayajidda yake a Daura, nan kusa da mu. Mutane suna tuna saran da ya yi wa macijiya Sarki a rijiyar Kusugu, wadda ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, amma sukan manta cewa labarin ya ce sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, kuma tsohuwar da ta sauke shi, Ayana, ita ta gaya masa halin rijiyar. Da wuƙar wasu ya yi saran, da labarin wata ya san inda zai dosa. In ka karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ɗan maƙwabtanmu, za ka tarar jarumin ya daɗe a zaune ba ya iya tafiya kafin ƙarfi ya zo masa. Irin waɗannan labarai ba su ɓace ba, alhamdu lillahi, domin tun daga 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyin Hausa a littafi, daga baya kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin ƴan makaranta. Amma takarda ba ta kumbura murya, ɗana, ba ta da zanen da yaro zai ɓuya a ciki.

A nan ne nake da ƴar damuwa da wasanku, kuma zan faɗe ta a hankali. Tsoron da aka ba mu, a cikin jama'a aka ba mu shi. Kana rawar jiki kafaɗarka na gugar ta ɗan'uwanka, wadda ta kira Dodon ita ce kuma za ta kashe shi kafin a tashi, ta tofa muku addu'a, ta kora ku shimfiɗa. Saboda haka yaro yakan tashi da sanin cewa tsoro abu ne da ake faɗa, ake yi wa dariya da safe, ake raba shi har ya yi sauƙi. Shi kuwa wannan, da ire-irensa na cikin waya waɗanda suka fi yawa a hannunku, mutum ne shi kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe, abin ji a toshe da kunne, ƙarfe biyun dare. In ya ci ba mai taya shi murna, in an cinye shi ba mai tsokanarsa. Sau ɗaya ko sau biyu ba komai, kowa na son ya keɓe wani lokaci. Abin da nake jiye maka shi ne sabo, domin wanda ya saba haɗiye fargabarsa shi kaɗai a wasa, ran da bashi ya kama shi, ko ya faɗi jarrabawa, ko wani ciwo ya fito masa a inda yake jin kunya, haka zai rufe ƙofa ya yi shiru, sai abu ya ci ƙarfinsa sa'an nan a ji. Na ga samari masu hankali da shirun nan ya illata, ba don ba su da dangi ba.

Kuma kai ka sani, ba sai na tsaya ɓoye-ɓoye ba, mu a wannan jiha dodonmu ba na kwali ba ne. Ta'addancin ƴan bindiga da muke ji daga nesa, daga wajen dajin Rugu da Batsari da Safana, sannu a hankali ya matso har ya taɓa ƙauyukanmu. Ba wanda ya manta daren Disamba na 2020 da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ko watannin 2021 da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomi. Mutumin Rimaye ko Kafin Soli, ko na Mawashi da Yashe a ƙasar Kusada, ba ya bukatar a sayar masa da fargaba a cikin kwali, yana da ita kyauta. Saboda haka in ka ji wani dattijo ya yi tsaki da wasanku kada ka ga baƙinsa, wataƙila akwai wanda ya binne.

To amma a nan ɗin ne darasin ma'aunin tsoro yake da amfani. Dare ya yi, saƙo ya shigo WhatsApp, murya tana haki tana cewa ga su nan sun taho, ba sunan mai magana, ba sunan gari, ba rana. Kafin minti goma ya zaga unguwa, mata sun goya yara, wani ya faɗa rami ya karye, tsohuwa an bar ta a ɗaki, da safe a gano muryar ta bara ce kuma daga wata jihar. Wani daren kuma maganar gaskiya ce, amma an gaji da ƙarya har ba a motsa ba. Duka biyun hasara ne. Abin da nake roƙonka, kada yatsanka ya riga hankalinka: kafin ka tura, kira wanda ka sani a garin da aka ambata, ka sanar da mai unguwa ko wanda aka ɗora wa tsaron unguwa, kuma tun da rana, ido na ganin ido, ku zauna a gida ku san wa zai ɗauki wa, wa zai kama hannun kaka, a ina za a haɗu in an rabu. Duwatsun Auta ke nan a zamaninmu. Sauran labarin, na yaro ɗaya ya tsaya ya amsa wa Dodo, ka bar shi a tatsuniya, domin mai bindiga ba ya wangame baki ya jira ka, kuma uwarka ta fi son ka da rai a kan a ce ɗanta jarumi ne.

Ke ma ƴar'uwata, da nake ganin kin raɓe kina saurare, maganar har da ke. Na lura a wasan nan mace ce ke tsira, kuma ban yi mamaki ba, domin a tatsuniyoyinmu ma sau da yawa yarinya ce ake kai wa Dodo saboda alkawarin da wani babba ya ɗauka cikin gaggawa, kuma haƙurinta da natsuwarta ne ke kai ta ga mafita. Yayar Auta ita ta goya shi gari zuwa gari tana kwashe masa ɓarna, ba wanda ya yi mata kirari. A gidajenmu yau, in dare ya ɓaci, yawanci mace ce ke ƙirga yara a cikin duhu, ba ta kuskure ko ɗaya. Ki riƙe wannan, kuma ki koya wa ƙannenki maza, domin ba a haifar kowa da shi.

Saura batun ƙwayar da ake jefawa. Malamanmu suna da magana mai nauyi a kan wasan da ake jefa ƙwaya, akwai hadisi a kai, saboda haka ka je ka tambayi malaminka da ladabi ya warware maka, ni ba zan yi fatawa ba. Abin da ba sai an tambaya ba shi ne, in kuɗi ya shiga ya zama caca, in kuma wasa ya cinye maka sallar asuba ko karatun gobe to ya wuce wasa. Kuɗin kwali ɗaya daga Amurka, in an haɗa da na kawowa, ka san abin da zai yi a gonar mahaifinka lokacin sayen taki.

In kuwa so kake ka gwada ko hankalinka na zama wuri ɗaya lokacin da aka matsa maka, ba sai an yi odar komai ba. Ka zo gindin bedi bayan la'asar, akwai gidan dara a haƙe a ƙasa, ramuka talatin, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu, wani da guntayen kara wani da tsakuwa. Akwai tsofaffin da in suka toshe maka hanya biyu za ka ji gumi na bin bayanka, ga ƴan kallo sun yi da'ira suna ta ba ka shawarar da ba ka nema ba. Za su cinye ka a zaman farko, su yi maka dariya har da tafi, sa'an nan ɗayansu ya maido ƴaƴan ya nuna maka inda ka yi gaggawa. Ka taho da goro na ɗari biyu, sun fi sakin baki in suna tauna.