Rubuta Busan Sarewa

Gozaki tsohon gari ne a ƙasar Kafur, kudancin Jihar Katsina, ba nisa da Malumfashi. Ƙasa ce ta noman dawa da masara da auduga. Da kaka, in an kwashe amfanin gona, makiyaya su kan kawo shanu su ci karmami. Da maraice sai a ji busan sarewa yana tashi daga ruga.

A kan yi sarewa da kara ko gora, yanzu ma har da bututun roba. Galibi ƙofofinta huɗu ne, ban da bakin da a ke hurawa. In an toshe ƙofofin duka da yatsu, iska ta kan bi tsawon sarewa kafin ta fita, sai murya ta yi kauri. In an buɗe ƙofar da ta ke ƙasa, hanyar iska ta gajarta, sai murya ta ɗan yi sama. Haka a ke ta yi har a buɗe su duka.

Tun da can yaro ya kan koyi busa ne ta wurin duban yatsun babba. Amma makiyayi ba mazauni ba ne. In ciyawa ta ƙare ya yi gaba, busansa ya tafi tare da shi, yaro kuwa bayan kwana kaɗan sai ya manta. In tsoho ya rasu ba wanda ya ɗauki abin da ya iya, shi ke nan an yi hasara. Maganin wannan shi ne rubutu.

Ga yadda a ke yi. Sai a zana da'ira huɗu a jere, kowace ɗaya a maimakon ƙofa ɗaya. Ta hagu ita ce ƙofar da ta fi kusa da baki. Baƙar da'ira tana nufin a toshe, fara kuwa a buɗe.

Murya ta 1: ● ● ● ●
Murya ta 2: ● ● ● ○
Murya ta 3: ● ● ○ ○
Murya ta 4: ● ○ ○ ○
Murya ta 5: ○ ○ ○ ○

In rabin ƙofa za a toshe, sai a baƙanta rabin da'irar. Mai koyo ya roƙi gwani ya busa a hankali, shi kuwa yana duban yatsu yana rubuta lambar kowace murya bi da bi, kamar haka: 1, 3, 3, 2, 1. Muryar da a ke ja sai a ja layi a ƙarƙashinta. Wadda a ke hurawa da ƙarfi, a ɗiga mata ɗigo a bisa, domin ƙarfin numfashi ya kan ɗaga murya ko da yatsu ba su motsa ba. In ya gama, ya busa abin da ya rubuta a gaban gwani, domin a gyara masa kuskure tun malamin yana kusa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1535 wani mabushi mai suna Ganassi ya buga littafi a birnin Banis, ƙasar Italiya, da zanen yadda a ke ɗora yatsu a kan irin tasu sarewar. Shi ya daɗe da mutuwa, amma har yau masu busa suna karanta shi.

Duk da haka takarda ba ta da murya. Tana nuna inda yatsa zai sauka, amma ba ta koya wa leɓe yadda zai kama bakin sarewa, ba ta kuma nuna zaƙin busa. Hausawa su kan ce gani ya kori ji, amma a nan sai an gama su biyu: ido a kan takarda, kunne a wurin gwani.

Tambayoyi

1. Me ya sa murya ta ke kauri in an toshe ƙofofi duka?
2. Mene ne bambancin baƙar da'ira da fara?
3. A zana murya ta 2 da ta 4 ba tare da duban littafi ba.
4. Mene ne takarda ba ta iya koya wa mai busa?