Rairayin Wasa da Rairayin Gona

A cikin wasan kwamfuta na Minecraft, wanda ya fito a 2011, akwai bakin teku mai rairayi. Yaro zai dasa rake a wurin, kuma muddin akwai ruwa a gefe, raken zai girma ba taki ba noma. Manomin Dambatta ko Bichi dariya zai yi in ya gani.

Shi ma rairayi yake nomawa, wanda iska ta tara shekaru dubbai da suka wuce, zamanin da hamada ta gangaro kudu. Ƙwayoyin rairayi manya ne, saboda haka ruwan sama kan zurare ta tsakaninsu, ya tafi da abincin shuka. Shi ya sa rake yake fadama, jigawa kuwa ta gero ce da gyaɗa da wake. A saiwar gyaɗa da wake akwai 'yan ƙulle-ƙulle, inda bakteriya ke kamo sinadarin naitirojin daga iska. Sauran aikin na jaki ne: kowane rani ana kai takin gida da toka a mangala. Gonar da aka daina kai mata taki, ƙuduji ke fara cin geronta.