Kalmar "Kunya" da Matsalar Nemo Takwararta a Ingilishi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin fassara ya san irin tsaikon da akan samu a lokacin da ma'ana take sarai a zuciya, amma kalmar Ingilishi da za ta ɗauke ta ta ƙi samuwa. Akan buɗe ƙamus a tarar da kalmomi huɗu ko biyar a jere, kowace ta yi kusa, amma babu wadda ta zauna daram. Abin da akasari yakan faru shi ne a ɗauki ta farko a wuce. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a ɗauki kalma guda ta Hausa, watau "kunya", a bi ta cikin jimloli, a ga yadda takwararta ta Ingilishi take sauyawa daga wuri zuwa wuri, da kuma irin ɓarnar da kuskuren zaɓe yake jawowa.

Kalmar ba ƙarama ba ce a tunanin Bahaushe. A cikin laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar game da mutumin kirki, wadda Jami'ar Indiyana ta Amurka ta buga a 1974, ya lasafta kunya cikin halayen da Hausawa suke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da mutunci da sauransu. Ke nan kunya abin yabo ce. Amma kalmar da takan fara faɗo wa mai fassara a rai ita ce "shame", wadda a Ingilishin yau ta fi karkata ga jin zafin abin assha. Tun daga nan an fara samun saɓani.

Abin da ƙamus zai iya

Hausa ba ta rasa ƙamusoshi masu nagarta ba. Akwai na G. P. Bargery na 1934, da na R. C. Abraham na 1949, da wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano a 1977. Sai dai aikin ƙamus mai harshe biyu shi ne ya nuna faɗin filin da kalma ta mamaye. Ba zai iya sanin jimlar da ke gaban mai fassara ba, balle ya zaɓar masa. Wanda ya ɗora wa ƙamus laifi a nan bai yi masa adalci ba.

Kunyar abu da kunyar mutum

A dubi waɗannan jimloli biyu:

1. Audu yana jin kunyar abin da ya aikata.
2. Audu yana jin kunyar surukinsa.

Ta fuskar nahawu ginin jimlolin ɗaya ne, don haka ɗalibi yakan yi zaton fassararsu ma ɗaya ce. A jimla ta 1, "ashamed of" ta dace ƙwarai, domin an yi laifi, kuma mai laifin yana jin zafinsa. Amma idan aka ɗauki wannan "ashamed of" aka kai ta jimla ta 2, sai magana ta kife. Baturen da ya ji an ce wani yana "ashamed of his father-in-law", abin da zai fahimta shi ne surukin nan mutumin banza ne, ko mashayi, ko wanda ba a son a nuna shi a cikin jama'a. Alhali kuwa abin da Bahaushe ya faɗa shi ne Audu yana girmama mutumin nan matuƙa: ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, yakan cire takalmi ya durƙusa in zai gaishe shi, in da hali ma ya sake hanya. Da Bahaushe yana nufin abin da Baturen ya fahimta, ai da cewa zai yi surukin yana ba Audu kunya, ko ya zame masa abin kunya. Watau Hausa ta bambanta ma'anonin biyu ta hanyar aikatau, tsakanin "ji" da "ba", mai fassara ne ya haɗe su.

To, wace kalma ce za ta zauna a jimla ta 2? Masana halayyar al'umma na Ingila suna kiran irin wannan dangantaka "avoidance", kuma A. R. Radcliffe-Brown ya tattauna ta tare da kishiyarta, watau dangantakar wasa irin ta taubasai da ta jika da kaka, a maƙalarsa ta 1940. Kalmar ta yi daidai a rubutun ilmi, inda masu karatu suka san abin da ake nufi da ita. A cikin labari ko hira kuwa, in aka ce "he avoids his father-in-law", sai a ɗauka bashi ake bin Audu, ko sun yi faɗa. "Respect" ta kawo girmamawar amma ta zubar da sunkuyar da kai da nauyin baki. "Shy of" ta kawo sunkuyar da kan amma ta mai da Audu tamkar yaro ƙarami. Mafi kusa ita ce a haɗa kalmomi biyu, kamar "respectful reserve", ko kuma a bar neman suna a bayyana abin da Audu yake yi. Haka abin yake game da kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma nuna ɗokinsa a gaban mutane. Wanda ya rubuta cewa uwar tana "ashamed of her first child" ya jefa wa yaron zargin da ba shi da tushe, don mai karatu zai fara tambayar yadda aka haife shi.

Wannan ba gardamar aji ce kawai ba. A ƙaddara mace ta zo ba da shaida a gaban majistaren da ba ya jin Hausa, aka tambaye ta sunan mijinta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ko ta ce "Malam". Idan tafinta ya ce "she is ashamed", to ya shigar da wani abu cikin shari'ar wanda matar ba ta kawo ba, domin mai sauraro zai ɗauka akwai abin da take ɓoyewa. Abin da ya wajaba ya faɗa shi ne al'ada ta hana ta ambaton sunan mijinta. Jimlar ta fi tsawo, amma ita ce gaskiyar abin da ya faru.

Mai kunya da marar kunya

3. Yarinyar nan tana da kunya.
4. Yaron nan ba shi da kunya.

Jimla ta 3 yabo ce, irin wanda akan yi idan ana binciken aure. Ingilishi kuwa yana da wani abin mamaki a nan: daga "shame" an sami "shameless" da "shameful", wanda ba shi da ita da wanda yake cike da ita, amma duka biyun suka ne. Ta farko ita ce marar kunya, ta biyu kuwa abin kunya. Babu gurbin mai kunya. A dā akwai shi. Tsohon Ingilishi yana da "shamefast", wadda take nufin mai kamun kai da kawaici, sai a ƙarni na 16 bakin jama'a ya juya ta zuwa "shamefaced", daga baya ma'anarta ta gangara zuwa ga wanda fuskarsa ta nuna ya yi abin kunya. Ashe kalmar da ɗalibin Hausa yake nema ta taɓa wanzuwa, masu harshen ne suka yar da ita.

Saura "shy" da "bashful" da "modest". Asalin "shy" yana da alaƙa da firgita, har yanzu ma akan yi amfani da ita ga dokin da ya zabura. Bature yakan ɗauke ta a matsayin rauni wanda ake fata yaro ya rabu da shi in ya girma, alhali kunyar Bahaushe tarbiyya ce da ake fata ta ƙaru. "Bashful" ta fi dacewa da amarya ranar buɗar kai, kuma tana da ɗan ƙanshin tsohon yayi. "Modest", wadda ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin ma'auni, ita ce ta fi kusa, tun da yabo ce, kuma ta ƙunshi suturta jiki da rashin fankama. Duk da haka ba ta ce kome ba game da yadda yarinyar take yi a gaban manya, wanda shi ne rabin maganar.

A jimla ta 4 kuwa, nauyin kalma ne abin lura. "Shameless" tana da kaifi, ta fi dacewa da fitsararre wanda ya yi abin assha a bainar jama'a bai damu ba. Yaron da ya mayar wa babba magana, "rude" ko "insolent" ce tasa; in kuwa cikin raha kakarsa ta faɗa, to "cheeky" ta isa. Malamin makarantar da ya rubuta "shameless" a rahoton ɗalibi, alhali tsiwa kawai yake nufi, ya yi wa yaron hukuncin da ya fi laifinsa.

Inda babu laifi

5. Da aka yabe shi a gaban taro, sai kunya ta kama shi.

Babu laifi a nan, babu kuma suruki. Wannan ita ce "embarrassed", kalmar da Ingilishi ya aro daga Faransanci a ƙarni na 17, wadda asalinta take nufin tarnaƙi ko cikas. Bambancinta da "ashamed" shi ne ita ba ta bukatar an yi mugun abu. Wanda rawaninsa ya warware a tsakiyar kasuwa ita ce tasa. Ɗalibai da yawa ba sa kula da wannan bambanci, suna zuba "ashamed" ko'ina, har mai karatu ya ɗauka duk mutanen cikin labarin masu laifi ne. In kuwa aka ce mutum ya sha kunya, ko an kunyata shi, watau wasu ne suka tozarta shi, to an koma wajen "humiliated" ko "disgraced".

Hanyar da ta fi taimako, bayan an sami kalmar da ake zato, ita ce a nufi ƙamus na Ingilishi zalla, irin na A. S. Hornby wanda Oxford ta buga a 1948 domin masu koyo, a karanta jimlolin misali, a ga da waɗanne kalmomi take tafiya. Sa'an nan a ba wani wanda bai ga Hausar ba ya mayar da fassarar zuwa Hausa. Idan "yana jin kunyar surukinsa" ta dawo a matsayin "surukinsa yana ba shi kunya", an san inda aka yi tuntuɓe.

Akwai kuma wuraren da neman kalma guda ɓata lokaci ne. Idan uba ya ce ɗansa ya fitar da shi kunya ranar biki, babu wata "shame" da za ta shiga jimlar Ingilishi ta yi daɗin ji. Bature cewa zai yi "he did me proud", watau ya dubi abin ta fuskar alfaharin da aka samu, Bahaushe kuwa ta fuskar kunyar da aka tsallake. Karin maganar nan da ke cewa kunyar marar kunya asara ce ya fi wannan wuya, domin daɗinsa yana cikin maimaita kalmar, kuma kunyar farko kara ce da kawaici, ta biyun kuwa ita ce wadda fitsararre ya rasa. Ingilishi zai bukaci "courtesy" ko "forbearance" a gurbin farko, da "shameless" a na biyu. Ma'anar za ta haye, amma amon da ya sa maganar ta zauna a bakin mutane zai tsaya a Hausa.