Baƙo raɓa ne: nasiha ga matasanmu masu tafiya Guci

'Ya'yana, na ji an gama haɗa kuɗin mota, fasto ya sa muku albarka, mako mai zuwa za ku tafi Guci aikin bishara na sati biyu. Madalla. To ku matso, akwai abin da ba a rubuta muku a takardar shiri ba.

Kada Hausar da za ku ji a can ta ruɗe ku. Da kun wuce Maigatari kun nufi Dungas, kun shiga wata ƙasa mai dokarta da jandarmominta. Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, saboda haka takardun kowa su cika, har da katin allurar shawara. Kuɗinsu sefa ne, da dala ake ƙirga shi: in mai ƙosai ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Kowa ya ɗauki gidan sauronsa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne ku san ba ku ne farkon zuwa ba. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram tun 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya ta kafa na kutare a Danja kusa da Maraɗi. Shekara ɗari ke nan, amma a ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. 'Yan kaɗan ɗin nan da za ku tarar, da Musulmi suke shan rijiya ɗaya, tare suke zuwa suna da jana'iza, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Zaman nan da wuya aka gina shi. Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram, kashegari a Yamai, a kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Wanda ya yi zanen yana can Faris, wanda ya kwana a tsorace yana Damagaram, kuma cikin waɗanda suka ɓoye Kiristoci a gidajensu akwai maƙwabtansu Musulmi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ku za ku hau mota ku dawo, kalmar da ta kuɓuce muku a kasuwa kuwa mai masaukinku ne zai zauna da ita.

Don haka ranar farko kada kowa ya kwance lasifika. Ku bi faston wurin zuwa ƙofar maigari, ku tuɓe takalmi, ku durƙusa, ku yi gaisuwa cikakkiya: gajiya, gida, damina, dabbobi. Faston ne zai faɗi abin da ya kawo ku, ba ku ba. In ya ce a biya a gaida liman, ku biya da fara'a. Da an kira salla, a ajiye ganga. 'Yan mata, zani da kallabi da mayafi. Ba sai na ƙara ba.

Sai maganar waya, wadda ta fi damuna. Za ku ga yaro da kai ya yi ja, ciki ya kumbura, hannu zai kai aljihu da kansa. Ku tambayi kanku, da ƙaninku ne, za ku yarda baƙo ya sa shi a Facebook? Kayan da kuka ɗauko kuma, sabulu ne ko gwanjo, ku danƙa wa dattawan ikkilisiya da maigari su raba, Musulmi da Kirista, ba tare da an ce sai an zauna wa'azi ba. Wanda aka saye da sabulu, ranar da sabulun ya ƙare ya tafi. Kada kuma daɗin tarba ya ɗebe ku ku yi alkawarin rijiyar burtsatse da ba ku da kuɗinta. In an kawo fura ku sha, in an yanka kaza ku ci ku gode, wataƙila ita ke nan a gidan.

A hanya ku dubi gonaki, za ku ga gawo tsaye birjik cikin hatsi daga Magariya har Matamai. Wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a Maraɗi suna mutuwa, sai a 1983 ya lura kututturan da manoma ke sarewa suna da rai a ƙasa, gyara kawai suke so. Manoman da kansu suka ɗauki wannan gyara, wato sassabin zamani, suka yaɗa shi gona zuwa gona. Rinaudo da ya zauna shekaru ke nan, sai da ya sunkuya ya duba. Ku masu sati biyu, ku yawaita tambaya.

In kun dawo, kada lambar faston nan ta mutu a wayarku. Watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi kuma ya cika asibitin Magariya da yara, a nan zai fi bukatar jin muryarku. Ku kira shi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.