Wa Zai Nuna Wa Yaro Hanya? Kuɗin Gwamnati da Zaɓen Sana'a a Makarantun Dutsin-Ma da Kurfi

Kowace shekara, idan damina ta ja baya aka koma makaranta, akwai wani rabo da ake yi a sakandaren Dutsin-Ma da Kurfi wanda ba a buga masa ganga, alhali sau da yawa shi ke yanke wa yaro abin da zai ci da shi har tsufa. Yaran da suka gama ƙaramar sakandare ake kasawa uku: 'yan sayans, 'yan at da 'yan kamashal. Ɗan shekara 14 ko 15 ne ake tambaya ina ya dosa. Wani ya bi abokinsa. Wani ya ji ana cewa ajin sayans na masu ƙwaƙwalwa ne, sai ya kutsa don kada a raina shi. Wata kuwa babanta ya gama magana tun tana firamare: likita za ta zama. Iyaye da yawa ma ba su san an yi rabon ba, waɗanda suka sani kuma iyakarsu su ce, "Malam, duk inda kuka ga ya dace ku sa shi."

Sai bayan shekara uku, ranar da aka je shagon kwamfuta cike fom ɗin JAMB, ake gane an yi ɓatan kai. Mai son karatun likita dole ya zo da fizis da kemistiri da bayoloji. Mai son zama lauya ana nemansa da adabin Turanci, ga shi bai taɓa zama ajinsa ba. Jami'a kuma tana son kiredit biyar, kuma a mafi yawan fannoni har da Turanci da lissafi. Wannan bayani ba sirri ba ne, yana rubuce a takardun JAMB. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai zaunar da yaro ya karanta masa tun yana aji uku na ƙaramar sakandare.

A da babu wannan wahala, domin sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ya tashi yana jan zuga-zugi, ɗan mahauci ya san fawa kafin ya san kansa, ɗan wanzami na riƙe wa babansa zabira. Wanda ba ya son ta gidansu a kai shi wurin ubangida, ya yi shekaru yana bauta wa sana'a har a yaye shi. Da boko ya zo, shi ma ya zo da hanyarsa a share. 'Yan makaranta kaɗan ne, aikin En'e da na gwamnati na jiran su. A wannan zamani ne ƙasar Kurfi ta fitar da marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi, Maraɗin Katsina, wanda ya riƙe sakatariyar hukumar zaɓe ta FEDECO da ta shirya zaɓen 1979. Yau masu takarda sun yi wa kujerun ofis yawa nesa ba kusa ba, gadon ma ya yi rauni, don ɗan maƙerin yana aji lokacin da babansa ke maƙera. Yaro ya saki na hannu, bai kama na guje ba.

Maganar nusar da ɗalibi kan sana'a ba sabuwa ba ce a Nijeriya. A 1959 wasu malamai mata 'yan mishan na makarantar St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka ga 'yan matansu za su fita ba su san inda za su nufa ba, sai suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi musu bayanin aikinsu. Ba su gina komai ba, ba su sayi inji ba. Daga wannan zama ne abin ya yaɗu, har aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976. Shekara ɗaya bayan haka, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amsa cewa matasa da yawa ba su san hanyoyin aiki ba, ta kuma yi alkawarin sanya malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare.

Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 a kan wannan alkawari aka ɗora shi. Nufin shi ne shekara ukun ƙaramar sakandare su zama na ɗanɗano: yaro ya taɓa aikin katako, ya taɓa ƙarfe da lantarki da noma da kasuwanci, malami yana lura da inda hannunsa ya faɗa, sannan a ba shi shawara ko ya ci gaba da babbar sakandare, ko makarantar fasaha, ko koyon sana'a. Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa ta shigo da injinan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai. A makarantu da dama a faɗin ƙasar nan, injinan sun shekara da shekaru cikin akwatunansu, babu wuta, babu ɗakin girka su, babu malamin da ya iya tayar da su, har tsatsa da ɓarayi suka raba. Ya kamata duk mai neman tallafi yau ya riƙe wannan labari, domin halin bai canza ba: hukuma ta fi son kashe kuɗi kan abin da za a yanka wa kirtani a ɗauki hoto. Shawarar da malami ya ba yaro a gindin darbejiya ba ta fitowa a hoto.

To, ta ina kuɗin gwamnati ke shiga makaranta a yanzu?

Babbar ƙofa ita ce ta ilimin bai-ɗaya. An ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimi daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Hukumar UBEC ce ke riƙe da asusun a Abuja, a Katsina kuma hukumar SUBEB ta jiha ke karɓa. Amma akwai sharaɗi: rabin kuɗin tallafin haɗin gwiwa ne, jiha ba ta taɓa shi sai ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta. Shi ya sa ake yawan jin UBEC na kukan biliyoyin naira na kwance jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Mafi yawan wannan kaso a gini da gyara da kujeru yake tafiya. Akwai kuma kason horar da malamai, kuma nan ne ya fi kusa da maganarmu, don horon malamin da zai ba yara shawara horon malami ne kamar kowane.

Ƙofa ta biyu ita ce shirin AGILE na ilimin 'yan mata. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 a 2020 don jihohi bakwai, Katsina na ciki tare da Kano, Kaduna, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti, sannan a 2023 ya ƙara dala miliyan 700 aka shigar da wasu jihohin. A nan akwai abu biyu da ya kamata talaka ya sani. Na farko, ba kyauta ba ce, rance ne mai sauƙin sharaɗi da ƙasa za ta biya, watau yaran da ke aji yau su ne masu biya gobe. Na biyu, wani ɓangare na kuɗin yana zuwa ne ta hannun kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, bisa tsarin inganta makaranta da kwamitin ya rubuta. A kwamitin nan akwai shugaban makaranta da malamai, da wakilan iyaye da mata da masu unguwa da tsofaffin ɗalibai. Shirin kuma ya ƙunshi koya wa 'yan mata dabarun zaman duniya da aiki da kwamfuta.

Sauran kuma kasafin jiha ne, ta ma'aikatar ilimi da hukumar makarantun kimiyya da fasaha, wadda makarantar sakandaren kimiyya ta Dutsin-Ma ke ƙarƙashinta.

Wanda ya duba ƙofofin nan zai ga cewa nusar da yara kan sana'a ɗan riƙo ne a kowane gida: ana yarda da amfaninsa, amma sai an gama da 'ya'yan gida ake tunawa da shi. A makarantu da yawa, malamin da aka laƙaba wa aikin ba da shawara yana da nasa darasin cike da mako, ba shi da ofis, ba shi da ko kuɗin kati. Wani wurin ma aikin ya rikiɗe ya koma na ladabtarwa, yaro ba ya zuwa sai ya yi laifi.

An yi wani yunƙuri a 2011, lokacin da sabuwar manhajar babbar sakandare ta wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar sana'a ɗaya daga cikin 34, irin su kiwo, kiwon kifi, rini, dukanci, ɗinki, walda da gyaran wayar salula. Makarantu da dama sun zaɓi wadda ba ta buƙatar kayan aiki, aka koyar da ita a allo, yara suka haddace suka ci jarabawa. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage sana'o'in zuwa shida, ciki har da girka wutar sola, kiwon dabbobi da noman lambu. Ragewar ta yi ma'ana, sai dai yaron da bai taɓa ganin mai girka sola a bakin aiki ba, zaɓensa canki-canki ne ko da shida ne a gabansa.

Abin takaicin shi ne, cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina, kaɗan ne ke da abin nuna wa yaro kamar Dutsin-Ma. Ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, inda ake karanta aikin gona da kimiyyar dabbobi da kiwon kifi da gandun daji. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina wanda ya yi ministan ilimi na Jihar Arewa. Ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983 ta daɗe ba a mori rabin amfaninta ba, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shanta. A wannan wuri kaɗai yaro zai ga injiniyan ruwa, da mai auna tsabtar ruwa a ɗakin gwaji, da makanikin famfo, da masunci, da manomin rani mai tumatur da albasa. Kaɗan gaba, ga makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya, ta ungozoma a Malumfashi, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga ƙauyen koyar da matasa sana'a da gwamnatin Ibrahim Shema, ɗan Dutsin-Ma, ta kafa a birnin Katsina. Ɗan aji uku a Kurfi yana iya wuce ƙofar jami'a sau ɗari a bayan babur bai san abin da ake karantawa a ciki ba.

Ga 'ya mace abin ya fi nauyi. Uban da ke shakkar barin 'yarsa ta wuce aji uku ba wa'azin ɗan birni ke sauya masa ra'ayi ba. Abin da ke sa shi tunani shi ne ya ga 'yar maƙwabcinsa ta dawo daga Malumfashi da takardar ungozoma, tana karɓar haihuwa a asibitin garinsu, tana ɗakin mijinta, tana da albashi. Irin wannan mace idan ta tsaya gaban aji na awa ɗaya ta amsa tambayoyi, da iyayen a zaune, ta yi aikin da allon talla goma ba su yi ba.

Akwai cikas na gaskiya. Tun da aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, kowane shugaban makaranta a wannan yanki yana tunani sau biyu kafin ya zuba yara a mota, kuma yana da gaskiya. Amma abin da matan Ibadan suka yi ba ya buƙatar mota cike da yara. Baƙon ake kawowa. Kuɗinsa shi ne man babur ko na mota, ruwan sha, haya ta lasifika, da buga takarda mai shafi biyu da ke nuna wane karatu ke neman wane darasi, a rubuta ta da Hausa don uwa ma a karanta mata. Duka bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba. Koriya ta Kudu tun 2016 ta ware wa 'yan ƙaramar sakandare zango guda babu manyan jarabawa, don kawai su leƙa sana'o'i. Nan rana uku a shekara ma ci gaba ne.

Saboda haka, aikin yana hannun kwamitin makaranta fiye da yadda membobinsa suke zato. Tsarin inganta makaranta su ke rubuta shi, kuma abin da ba a rubuta ba, ba a ware masa kuɗi. Kowane tallafi yana da ƙa'idarsa a rubuce, kwamiti na da ikon neman a karanta masa ita. Abin da ƙa'ida ta yarda a saka shi, abin da ba ta yarda ba a kai shi ga ƙungiyar iyaye da malamai, ko tsofaffin ɗalibai, ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓa lokacin da ake shirya kasafi. Uba kuma ba sai ya iya Turanci ba kafin ya tsaya a taron iyaye ya ce, "Ranka ya daɗe, wane malami ne ke zama da yaranmu kan abin da za su karanta? An taɓa tura shi horo? A kuɗin da ya shigo bana, nawa aka ware wa wannan?"

Lokacin yin tambayar shi ne zango na biyu, tun 'yan aji uku ba su shiga hidimar jarabawar fita ba. Idan aka bari sai Satumba, an riga an liƙa sunaye a ƙofar aji.