Sadarwar Kwamfutoci: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Zuba Kuɗi

Ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2024, manyan wayoyin sadarwa guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tekun Atlantika, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kodebuwa. Kafin rana ta faɗi bankuna da dama a Nijeriya sun shiga bai wa abokan hulɗarsu haƙuri, domin tura kuɗi ta waya ya gagara. Wannan ya nuna cewa ciniki a yau yana tafiya ne a kan wasu hanyoyi da yawancin 'yan kasuwa ba su taɓa gani ba, alhali kuwa su ne ke biyan kuɗinsu.

Abin da ake nufi da sadarwar kwamfutoci shi ne a haɗa kwamfuta biyu ko fiye, ta waya ko ta iska, domin su riƙa musayar bayanai. Amfaninta ga kamfani iri biyu ne. Ma'aikata goma za su iya amfani da na'urar buga takardu ɗaya da layin intanet ɗaya. Mafi muhimmanci kuma, lissafin kaya yana zama a wuri ɗaya, ta yadda buhun da aka sayar a shago zai fita daga littafin sito nan take, ba sai an jira ƙarshen wata ba.

Masana suna rarraba sadarwa ne bisa ga nisan da take ci. Mafi ƙanƙanta ita ce ta mutum ɗaya, kamar haɗa wayar salula da na'urar buga rasit ta Bluetooth, wadda ba ta cika wuce mita 10 ba. Sai sadarwar cikin gida, wadda ma'aikatan fasaha ke kira LAN, mai haɗa kwamfutocin ofis ɗaya ko masana'anta ɗaya. Yawancinta tana aiki ne da tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe ya ƙirƙiro a kamfanin Xerox na Amurka a 1973, kuma wayar tagullar da aka saba amfani da ita ba ta kai saƙo da kyau idan tsawonta ya wuce mita 100. Saboda haka mai sito a bayan fili sai ya ƙara na'ura a tsakani ko ya ja wayar zaren gilashi, watau faiba. Akwai ta cikin birni, mai haɗa rassan kamfani a gari ɗaya, sa'an nan mai dogon zango, watau WAN, wadda ke haɗa Legas da Anaca da Kano. Intanet ita ce uwarsu duka. Ta samo asali daga ARPANET, wadda ta fara da cibiyoyi huɗu kacal a Amurka a 1969.

Amma ga mai riƙe da littafin kuɗi, bambancin da ya fi nisa muhimmanci shi ne mallaka. Sadarwar cikin gida jari ce: a sayi waya da na'urori sau ɗaya, su yi shekaru suna aiki. Mai dogon zango kuwa haya ce, wadda ake biyan kamfanin sadarwa wata-wata, kuma gyaranta ba ya hannun mai kamfani. A shekarun 1990 bankunan ƙasar nan sun dogara da tauraron ɗan Adam wajen haɗa rassansu, bisa tsada mai yawa. Wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, kuma sai da MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010 gasa ta fara karya farashi. A yau ƙaramin kamfani zai iya haɗa rassansa ta intanet ɗin kowa da kowa, ya kuma rufe saƙonninsa a cikin wata keɓaɓɓiyar hanya da ake kira VPN, ba tare da ya yi hayar layin kansa ba.

Bayan nisa sai tsarin shimfiɗa, watau yadda aka jera wayoyin. Tsohon tsari shi ne na igiya ɗaya, inda kowace kwamfuta ke rataye a jikin doguwar waya guda. Yana da araha, amma idan igiyar ta tsinke a ko'ina kowa ya tsaya, kuma gano wurin da ta tsinke aiki ne. Tsarin zobe, wanda kamfanin IBM ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1980, yana zagaya saƙo daga wannan kwamfuta zuwa ta kusa da ita. Duka biyun sun kau daga ofisoshi, ko da yake kamfanonin sadarwa har yanzu suna shimfiɗa faiba a siffar zobe a cikin birane, domin idan masu aikin titi sun yanke ta a gefe ɗaya saƙo ya bi ta ɗaya gefen.

Abin da ake gani a kusan kowane ofis yanzu shi ne tsarin tauraro. Kowace kwamfuta tana da wayarta zuwa na'ura ɗaya ta tsakiya mai rarraba saƙonni, wadda ake kira suwic. Idan waya ɗaya ta lalace, mutum ɗaya ne ya rasa aiki. Idan kuwa na'urar tsakiya ta mutu, kowa ya tashi. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, abin mamaki ne yadda kamfani zai sayi kwamfutoci na miliyoyin Naira, sa'an nan ya bar wannan na'ura ba batir, ba kariya daga tsawa ko wutar da ta zo da ƙarfi.

Tsarin raga shi ne mafi aminci, domin kowace cibiya tana haɗe da kowace kai tsaye, amma lissafinsa yana da nauyi. Kamfani mai ofisoshi 10 yana bukatar layuka 9 idan duka suka haɗu a hedikwata. Idan kuwa raga cikakkiya yake so, layuka 45 zai biya. Don haka abin da masu hankali ke yi shi ne su ba wurare biyu ko uku da ciniki ba ya yiwuwa sai da su hanya ta biyu, sauran su tsaya a kan ɗaya. A nan akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a sa hannu a yarjejeniya: shin kamfanonin biyu da za a yi haya wurinsu ba a rami ɗaya wayoyinsu suke ba? Sau da yawa sunaye ne biyu, hanya ɗaya.

Batun tsaro kuwa ya rataya ne a kan abubuwa uku: kada wanda bai dace ba ya ga bayani, kada a sauya shi a ɓoye, kuma a same shi a lokacin da ake bukatarsa. Matakin farko shi ne katangar tsaro, watau na'ura ko manhaja da ke zaune tsakanin ofis da intanet tana tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. A watan Fabrairun 2016 ɓarayi suka kwashe Dala miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangaladash, kuma masu bincike na 'yan sandan ƙasar sun bayyana cewa bankin ba shi da katangar tsaro, na'urorin rarraba saƙonsa kuma na hannu ne masu arha. An yi tsimin kwabo, an yi asarar dukiya.

Mataki na biyu shi ne rarraba gida ɗaki-ɗaki. A 2013 aka sace bayanan katunan banki kimanin miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma ɓarayin sun shigo ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri. Ma'ana, wayar iska da otal ko kanti ke bai wa baƙi bai kamata ta haɗu da kwamfutar akawu ba. Ita kanta wayar iskar, watau Wi-Fi, a duba irin makullinta. Tsohon makullin WEP an gano yadda ake fasa shi tun 2001. Abin da ya dace shi ne WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018. Haka zalika a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta, a kuma soke ta ma'aikaci ranar da ya bar aiki, ba bayan wata uku ba.

Sabunta manhaja ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi sakaci da shi. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry, wadda ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017, har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya, ta bi ta wata kafa ce da kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris.

Sai kwafin ajiya. A watan Yunin wannan shekara ta 2017 wata cuta mai suna NotPetya ta shafe kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda reshensa ke gudanar da tashar kwantena ta Apapa. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa tsakanin Dala miliyan 250 zuwa 300, ya kuma sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000. Rahotanni sun nuna cewa kwafi ɗaya tak na kundin da ke riƙe da sunaye da izinin ma'aikata ne ya tsira, a ofishin kamfanin da ke Gana, saboda wuta ta ɗauke a can kafin cutar ta iso. Kwafin da ke haɗe da sadarwa a kowane lokaci yana mutuwa tare da na asali, don haka dole a ajiye ɗaya a cire, a wani gini dabam, a kuma riƙa gwada maido da shi lokaci-lokaci.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Baya ga Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa kamfani ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin sa'o'i 72 idan aka kutsa cikin bayanan abokan cinikinsa ta hanyar da za ta iya cutar da su. Tarar saɓa wa dokar ga manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kamfanoni kuwa, Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari.