Darasin Turanci: Yadda Ake Gane Ajin Kalma

A wannan fitowa za mu duba azuzuwan kalmomin Turanci, musamman domin 'ya'yanmu da ke shirin jarrabawar WAEC. Littattafan nahawu sun saba kasa kalmomi gida takwas: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, harafi, mahaɗi da motsin rai. Haddace wannan jeri ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne, kalma guda tana iya shiga gida uku ko huɗu ba tare da ta sake kama ba. Saboda haka ba a yanke mata hukunci sai an ga aikin da take yi cikin jimla.

Mu ɗauki kalmar "fast". In muka ce "We fast on Friday", aikatau ce, gama ita ce ke faɗin abin da muke yi, wato azumi. A cikin "The fast ends today" kuwa ta zama suna: "the" ta gabace ta, kuma a kanta ake magana. A "a fast lorry" tana siffanta mota, sifa ke nan. A "Audu drives fast" tana bayyana yadda Audu ke tuƙi, ta koma bayanau. Nan ne yara da yawa sukan rubuta "fastly", su yi asarar maki a banza, domin wannan ba karɓaɓɓen Turanci ba ne.

Laifin wata ƙa'ida ce da aka koya mana rabi da rabi, wai "ly" a ƙarshen kalma alamar bayanau ce. Haka ne ga "slowly", amma "friendly" da "lovely" sifofi ne.

Wani tuntuɓen daga Hausarmu yake fitowa. Mukan ce "ina jin yunwa", yunwa kuwa suna ce. Bature yakan yi amfani da sifa, ya ce "I am hungry". Sunan shi ne "hunger". Wanda ya rubuta "I am hunger" ya ce shi kansa ne yunwar.

Ga aikin gida. A gina jimla uku da kalmar "light", ta fito suna a ta fari, aikatau a ta biyu, sifa a ta uku, a kai wa malamin Turanci ya duba.